Shagon tsohuwar nan ta Turku da zobbanta na azurfa: wanda na riƙe da wanda na mayar

Tun ranar da na ɗora hoton zoben nan a status aka hana ni sakat, wannan tace a ina na saya, waccan tace wane irin dutse ne haka yake canja kala, yayata ta Kano kuwa ko "ya yi kyau" bata ce ba, tambayarta ɗaya ce tal, "gram nawa ne?" Toh bari in zauna in yi bayanin gaba ɗaya sau ɗaya in huta, wanda ya sake tambaya sai in turo masa wannan.

Shagon a nan Turku yake, ƙasar Finland, ba nisa da kogin Aura, ɗan ƙarami ne wlh in mutum uku suka shiga da rigunan sanyinsu sai ɗaya ya fita. Wata tsohuwa ce ke da shi, kuma ba zan faɗi sunan shagon ba saboda akwai ƙorafin da zan yi a ƙasa, bana son in ɓata wa baiwar Allah kasuwa a kan abin da rabi ba laifinta ba ne. Tsofaffin kayan azurfa kawai take sayarwa, ba sabo ko ɗaya, yawanci na shekarun 1950 zuwa ƙarshen 1970, na Finland da Denmark sai ɗan na Sweden da Norway jefi-jefi. Wato lokacin da maƙeransu suka gaji da zanen fure da ganye da kwalliyar nan mai yawa suka koma yin abu miƙaƙƙe, faffaɗan azurfa santsi, dutse ɗaya a tsakiya ko ma a gefe, shikenan. Da farko ni ma nace wannan ai kamar ba a gama aikin ba, mu da muka saba da zane ta ko'ina. Sai da na sa ɗaya a yatsa.

Amsar yaya tukuna: gram bakwai da ɗan wani abu. Ta lissafa a kanta tace an cuce ni. Nace Yaya ai wannan ba irin sayen gwal ɗinmu ba ne da ake ɗorawa a sikeli, ranar da kika matsu ki kai kasuwa a auna a baki kuɗinki. In dai don nauyi ne, azurfar da ke jikin zoben nan ko kwatan abin da na biya bata kai ba. Abin da ake biya shi ne wa ya ƙera, wace shekara, kuma yana nan yadda ya fito daga maƙera ko an taɓa shi. Tace "to Allah ya kyauta", irin Allah ya kyautan nan da kinsan ba a yarda ba.

Abin da ya sa nake ganin shagon ya cancanci a yi rubutu a kansa ba kyan kayan ba ne, kaya masu kyau ko a gwanjonsu da suke cewa kirppis ana tsintar su in mutum na da sa'a. Yadda take jera su ne. Bata jera su kala-kala ko farashi-farashi ba kamar sauran, ita zubi ɗaya take tarawa wuri ɗaya. Ta jawo wata durowa mai shimfiɗar baƙin ƙyalle, sai ga zobba biyar a layi ɗaya, ni a idona duk abu ɗaya ne: faffaɗan zobe, dutse zagayayye mai kumburi kamar rabin ƙwan zabo, an zagaye shi da bakin azurfa. Nace Mama, waɗannan ai iri ɗaya ne, me ya sa kuɗinsu ya bambanta haka? (Mama nake ce mata, su ba sa irin wannan kiran, kowa sunansa ake kira ko ya haifi kakarka, amma bakina ya kasa, ita ma har ta saba tana dariya.) Sai ta miƙo min ɗan gilashin nan da masu gyaran agogo ke sawa a ido, tace juya cikinsa ki karanta.

Wallahi ban taɓa sanin cikin zobe yana magana haka ba. Tambari biyar ne a jere, ƙanana kamar ƙwayar riɗi. Na farko hoton uwar maƙera, wannan shi ne tambarin kamfanin Kupittaan Kulta, wanda aka kafa a nan Turku a 1945, Elis Kauppi na cikin waɗanda suka kafa shi kuma shi ne babban mai zana musu. Sai kambin sarauta a cikin wani abu mai siffar zuciya, wannan na hukumar ƙasa ne cewa an gwada ƙarfen. Sai 813H. Sai alamar garin. Sai na ƙarshe, harafi da lamba, nawa O7 ne. Wannan na ƙarshen shi ne shekara, kuma lissafin ba wuya da zarar an nuna maka: A7 ita ce 1954, kana tafiya da haruffa shekara-shekara, amma ba sa sa J da W, don haka haruffa 24 ne, Z7 ta faɗa 1977, sai A8 ta fara a 1978. O7 ɗina kenan 1967. Na tsaya ina ƙirgawa da yatsu a gabanta kamar 'yar aji biyu, sau biyu ina ɓata lissafi saboda ina sa J, ita kuma tana kallona bata ce komai ba sai da na iso da kaina.

Na kusa da shi, zubi ɗaya sak, amma 925 ne a ciki kuma X7, wato 1975. Shekara takwas tsakaninsu. Da ta haɗa min su gefe da gefe sai na fara ganin abin da ban gani ba da farko, na bayan bakin da ya riƙe dutsen ya ɗan fi kauri, ƙasan zoben kuma ya ɗan fi siriri. Ba wani abu ne babba ba, amma da zarar ka gani ba za ka iya daina gani ba. Na uku kuma uwar maƙera ce kawai da 925S da FINLAND, babu kambi babu shekara, tace irin wannan yawanci wanda aka yi don fitarwa waje ne, ba jabu ba ne, sai dai ba za ka iya rantsewa a kan shekararsa ba, kuma ita bata rubuta shekara a takardarsa ba, "wajen shekarun 60 zuwa 70" kawai ta sa. Nan na fara yarda da ita gsky. Ta ma ƙara min da cewa uwar maƙerar nan tambarin kamfani ce, ba sa hannun mutum ɗaya ba, masu sayarwa a intanet duk abin da suka ga tambarin a jiki sai su maka masa sunan Kauppi don kuɗi ya hau, ita sai ta ga zubin a tsohon littafin tallan kamfanin ko ta tabbatar ta wata hanya take sa sunansa.

Maganar 813 ɗin nan ta sake haɗa ni da yaya, wai ita ta san azurfar kirki 925 ce, abin da bai kai nan ba gauraye ne. Eh gaskiya ne 925 ta fi tsarki, cikin kashi dubu 925 azurfa ce sauran yawanci jan ƙarfe. Amma 813 ita ce tsohon ma'aunin Finland, H ɗin ma daga kalmarsu ta azurfa ce, hopea, daga baya ne suka koma 830 da 925. Kuma in za mu bi ta wannan, tsohon liyarin nan mai hoton Mariya Tereza da ke ɗauke da shekarar 1780, wanda maƙeran fari na wajenmu har Agadas suka daɗe suna narkawa suna yin munduwa da kan sarƙa, shi ma wajen 833 ne, ba wanda ya taɓa cewa kayan kakanninmu ba azurfa ba ne. A irin wannan kasuwar ma 813H wani lokacin abin so ne, don yana nuna maka tsufa.

Dutsen kuwa, shi ne ya kama ni. Spektrolit suke ce masa. In kin ajiye shi a tebur baƙi ne ƙirin mai ɗan toka-toka, kamar ba komai, har maigidana da ya fara gani yace tsakuwa na sayo. Amma ki ɗan karkata hannu kaɗan wajen taga, sai wani shuɗi ya taso daga cikinsa kamar wuyan tantabara a rana, ki ƙara juyawa ya koma kore, a gefe ɗaya can kusa da bakin azurfar akwai wani ɗan layi ruwan zuma da baya fitowa sai da yamma in rana ta yi ƙasa. Watan Nuwamba a nan da ƙarfe huɗu duhu ya yi, na sha kama kaina a cikin bas ina juya yatsa ƙarƙashin fitila kamar mara aikin yi. Dutsen ƙasarsu ne, a 1940 aka gano shi a Ylämaa can kusa da iyakar Rasha lokacin da ake fasa duwatsu ana gina shingen yaƙi, kuma Kauppi na cikin na farko da suka fara ɗora shi a kayan ado. Kuma babu biyu da suke iri ɗaya, ko zubin azurfar ɗaya ne, walƙiyar daban. A layin nan na biyar akwai wanda shuɗinsa ya cika fuskar dutsen gaba ɗaya, ya fi nawa tsada nesa, ni dai nawa mai rowar kala ya fi min, sai ka neme shi.

Wani bambancin kuma na dutse ne kawai. Zubi ɗaya za ki gan shi da spektrolit, ki gan shi da amatis mai ruwan shunayya, ki gan shi da wani kore mai haske kamar ɗanyen tuffa. Tace duk wannan 'yan gida ɗaya ne, kamfanin da kansa ya fitar da su haka, kar wani ya ce miki mai shunayyar "na musamman ne guda ɗaya aka yi". Akwai ma wasu da aka yi musu kamar ɗan keji na azurfa aka saka ƙwallon dutse a ciki yana yawo, in kin motsa hannu kina jin ɗan ƙas-ƙas. Ɗaya a ciki ƙwallon jan aƙiƙ ne, irin dai aƙiƙ ɗin da alhazai ke sayowa a zoben azurfa, na yi mamakin ganinsa a nan an sa shi yana rawa a keji.

Durowar Denmark ban daɗe a kanta ba don aljihuna bai kai ba. Georg Jensen, wanda ya buɗe maƙerarsa a Kofenhegan a 1904, su nasu da sauƙi, kowane zubi da lambarsa a baya, in an yi masa ƙanne sai a ƙara harafi, ta nuna min 46A da 46E, dangi ɗaya amma girma da zaman dutsen ba ɗaya ba. Akwai wani abin wuya mai rubutun TORUN a baya, sunan wata mata ce 'yar Sweden da ta yi musu zane, siririn zagaye da ɗigon farin dutse rataye, na tambayi kuɗin, na mayar da shi a hankali da hannu biyu. N.E. From na garin Nakskov shi ya fi kusa da talaka, kuma shi abin dariyar, in ka ga kayansa na farko masu fure da ganye ka ga na baya masu santsi da ƙaton dutse ba za ka ce gida ɗaya ba ne sai ka juya ka ga sunan.

Sai durowa ta ƙasa wadda ni na sa mata suna durowar marayu. Masu kama da na manya amma ba tambarin maƙeri, ko akwai tambarin amma ya goge, ko na wani ƙaramin maƙeri ne da ita ma ta rubuta "ba a gane ba". Ai lokacin kowa kallon na kowa yake, zubi in ya yi kasuwa sai ka gan shi a wuri goma da ɗan canji. Ta ware su, ta rage kuɗinsu, bata laƙa musu uban da ba nasu ba. A nan na ɗauki wani dogon zobe mai dutse ruwan hoda da ya tashi sama kamar hasumiya, yuro 45, don ya burge ni a durowa. Kuskure na ne. Ranar farko ya kama mayafina ya ja zare tun daga kafaɗa, rana ta biyu safar hannu ta ƙi shiga, a ƙasar da ba ka isa ka fita ba safar hannu ba wata biyar. Yanzu yana cikin kofi a kan madubi. Duk mai sa hijabi ko mayafi mai laushi ta nemi wanda aka zagaye dutsensa da baki kuma ya kwanta, ta bar masu farce da masu tsayi, ko ta ajiye su sai ranar biki.

Toh ga ƙorafin. Shagon yana da shafin sayarwa a intanet, amma ba ita ke kula da shi ba, wani matashi ne ɗan uwanta. Duk tsantsenin nan da na gama yabo, a shafin babu shi. Kusan komai an rubuta masa "ba kasafai ake samu ba", hotuna biyu kacal, kuma ba ko ɗaya da ke nuna cikin zoben, wurin da duk labarin yake. Ni kuma da na riga na amince da shagon sai na saki jiki, wani dare na ga zoben From mai amba, wato ƙaron bishiyar nan da ya daskare shekaru miliyoyi ya koma kamar zuma, na danna na biya ban tambayi komai ba. Da ya iso na sa gilashina (eh, na sayi nawa, abin ya zama ciwo) sai ga layin walda a ƙasan zoben, kalarsa ta ɗan fi rawaya, an yanke shi an ƙara masa girma a wani lokaci can baya, kuma wanda ya yi aikin ya goge har ya cinye rabin tambarin, 925S ɗin saura 92 da ɗan wutsiya. Bakin da ya riƙe ambar ma a gefe ɗaya ya lotsa kamar an buɗe an sake rufewa, ga wani ɗan busasshen gam a lungu. Ba a faɗi ko ɗaya daga cikin wannan a shafin ba, kuma kuɗin na wanda ba a taɓa ba aka sa.

Wannan shi ne nau'in bambancin da ya fi muhimmanci a wurina yanzu, wanda ba maƙerin ne ya yi shi ba, rayuwa ce ta yi shi daga baya. An ƙara girma, an canja dutse, abin maƙalawa a riga an cire masa allura an mai da shi kan sarƙa, 'yan kunne masu matsewa an mai da su na huda. Ba haramun ba ne, kaya ya shekara hamsin a hannun mutane dole a taɓa shi, ni ma zan iya saya in an gaya min kuma an rage kuɗi. Amma a sayar min da gyara da sunan "wani zubi na daban", a'a.

Na kai mata shi da kaina washegari. Ta sa gilashi, bata fi daƙiƙa goma ba ta ajiye, tace wannan na durowar ƙasa ne, bai kamata ya hau shafi da wannan kuɗin ba. Bata yi dogon ban haƙuri ba, su haka suke, ba "don Allah ki yi haƙuri 'yata" ba komai, ta dai mayar min da kuɗina cif a take. Dama dokar Turai ta ba mai sayayya ta intanet daga shago kwana 14 ya mayar da kaya, amma ko maganar doka bamu kai ba. Abin da ya ɗan ɓata min rai shi ne bayan sati biyu na leƙa shafin, zoben ya koma, an rage kuɗin kam, amma har yanzu ba hoton cikin.

Wani abu da na ji daɗinsa, bata goge kayanta su yi ƙyalli kamar cokali. Wasu zubin da gangan aka sa musu baƙi a cikin lunguna don zanen ya fito, in ka tsoma su a ruwan wanke azurfar nan na kanti duk ya tafi, ka kashe zoben. Ƙyalle mai laushi kawai tace. Ni kuma na ƙara da nawa na gida: humra da turaren mai su yi nesa da amba da duk wani dutse mai laushi, a shafa a bari ya bushe kafin a sa zobe. Faffaɗan zobe kuma wajen alwala sai an juya shi ko a cire, ruwa na maƙalewa a ƙarƙashi, ni cirewa nake in sa a aljihu, don sau ɗaya na bar shi a bakin famfon masallaci sai da na kai tashar bas na tuna, gudun da na yi a kan ƙanƙara ranar Allah ne kaɗai ya tsare ƙafata.

Kuɗi dai ba arha, nawa mai spektrolit yuro 140 na biya, na san a gwanjo wata za ta iya tsintar irinsa a rabin haka, sai dai a can ba mai jawo miki 'yan uwansa huɗu ki gwada. Ba a ciniki, na gwada irin namu na "Mama a rage min mana", ta kalle ni kamar na yi wani yare. Kwana huɗu kawai take buɗewa a sati, watan Yuli kuma a rufe yake gaba ɗaya ta tafi hutu bakin tafki kamar kowa a ƙasar. In za ki je ki san girman yatsanki da milimita, haka suke aunawa a nan, nawa 17 da rabi, kuma bata yarda ta yanke zobe mai cikakken tambari don ya yi miki daidai, sai dai ki jira wani ya shigo. In ta shafin za ki saya, ki rubuta ki ce sai an turo hoton ciki da na gefen dutsen, in ba a turo ba ki haƙura.

Maigidan da yace tsakuwa na sayo, shi ne yanzu ya ba ni awon yatsansa a takarda, 20, wai in Mama ta samu na maza mai jan aƙiƙ, ba mai keji ba, wanda ya kwanta. Na kai mata ta rubuta a wani tsohon littafi da fensir, tace zai iya ɗaukar wata uku zai iya ɗaukar shekara. Yaya kuma jiya da daddare ta turo saƙo, wai mai shunayyar nan da na nuna mata a bidiyo, yana nan ko an saye, kuma gram nawa ne shi.